Darasi: Fuka Ba Ta Hana Yaro Gudu

A Magarya da sauran ƙauyukan Wurno, Raba da Goronyo, akan ga yaro yana cikin langa ko ƙwallo, sai ya tsaya yana tari, numfashinsa yana fito. Wasu iyaye su ce ragwanci ne, wasu su ce iskoki ne. Sau da yawa kuwa fuka ce, wato asma.

Ga dalili. Mai gudu da baki yake numfashi. Iskar hunturu busasshiya ce, ga sanyi, ga ƙura. Idan ta busar da hanyoyin numfashi, sai su tsuke. Tarin yakan tsananta minti 5 zuwa 10 bayan gudu.

Kada a raba irin wannan yaro da wasa. Jackie Joyner-Kersee ta Amurka tana da fuka, amma ta ci lambar zinariya biyu a wasannin Olamfik na 1988.

Abin da zai kiyaye:

1. Ya yi sassarfa ta minti 10 kafin ya fara gudu.
2. Ranar sanyi ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Ranar hazo ya haƙura.
3. In likita ya ba shi maganin shaƙa irin su Ventolin, ya shaƙa minti 15 kafin wasa, ya riƙe shi a aljihu.

Idan numfashi ya sarƙe har ya kasa magana, a zaunar da shi, kada a kwantar. A shaƙa masa maganinsa, a garzaya asibiti.

Tambaya: Me ya sa fuka ta fi tashi da hunturu?