Darasi: Ruwan Wanka da Gyaran Makewayi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mai gyaran makewayin gidansa yakan yi shawara: kwamin wanka zai sa, ko shawa mai zubo ruwa daga sama? To, ga ma'auni.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu 1, yana wanka da sa'i 1 zuwa mudu 5. Sa'i mudu 4 ne, kimanin lita 3. Kwami kuwa ba ya cika sai da fiye da lita 100. Shawa ta fi shi tattali, matuƙar an rufe famfo lokacin cuɗa jiki. Bokiti da moɗa sun fi su duka.

Mai Risala ya bayyana cewa ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki sunna ne, ɓarnarsa kuwa wuce iyaka ne. Kuma a mazhabar Imamu Malik cuɗawa farilla ce a wankan janaba. Kwanciya cikin ruwa kaɗai ba ta wadatarwa.

Mu tuna masu layi a bakin famfo da rijiya lokacin bazara. Allah Ya tsare mu daga almubazzaranci, amin.