Hukuncin Hankali Uku: Darasi Daga Gonar Gero

A wannan mako za mu tsaya ne a kan darasin farko na ilmin tauhidi, wanda ɗalibai kan ɗauka a zaurukan malamai, tun daga birnin Kano har Ɗanbatta da ƙauyukanta.

Littafin da aka saba farawa da shi shi ne Ummul Barahin, na Shaihu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya rasu a 1490. Malamin ya kasa hukuncin hankali gida uku. Wajibi shi ne abin da hankali ba ya karɓar rashinsa. Mustahili shi ne abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa. Ja'izi kuwa shi ne wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Mai karatu ya lura, wannan wajibi daban yake da wajibin fiƙihu, wanda ake azabtar da mai barinsa.

To, mu ɗauki misali da manomin Ɗanbatta. Geron da ke rumbunsa, kafin damina babu shi, yau ga shi, baɗi kuma an cinye. Ashe ja'izi ne. Samuwa da rashi a wurinsa kamar sikeli ne da ya daidaita. Ɓangare ɗaya ba ya rinjaya sai da mai rinjayarwa. In ka ce daga iri ya fito, shi ma irin daga zangarniyar bara yake, ta bara kuma daga ta bara waccan. Kowane ɗaya aron samuwa ya yi, kuma jerin masu aro, kome tsawonsa, ba ya tsayuwa sai da mai abin. Tilas a tuƙe ga Wanda samuwarSa ba aro ba ce, watau Allah Maɗaukakin Sarki, Wajibul Wujudi. Saboda haka ne samuwa ta zo farko cikin siffofi 20 da ɗalibi ke hardacewa.

Amma akwai gargaɗi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi raddi mai tsanani ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don sun kasa kawo hujja da lafuzzan malaman tauhidi. Manomin da ya dubi shukarsa ya sakankance da Mahaliccinta, imaninsa ya inganta ko bai taɓa jin kalmar ja'izi ba. An koyi wannan ilmi ne don ƙarfafa yaƙini da kawar da shubuha, kada wani ya mai da shi sandar dukan 'yan'uwansa.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.