Murya Daga Nesa: Kwarjinin Mai Wa'azi a Zamanin Rediyo da Waya

Darasinmu na wannan wata ya shafi yadda kafofin watsa labarai ke ƙara wa shugaban addini kwarjini, da yadda ya kamata mu saurara.

Mu fara daga gida. A 1812 Shehu Usmanu ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi yammacin daula, Gwandu ta zama mazaunin ilimi. A wancan zamani sunan malami yana tafiya ne da ƙafar almajiri da alƙalamin marubuci. Mai neman karatu sai ya zo ya zauna a gabansa, ya ga zamansa da jama'a kafin ya ba shi amana.

Rediyo ya sauya wannan. Daga 1967 Rediyon Kaduna ya riƙa watsa tafsirin Shehu Abubakar Gumi, har manomi a Kalgo ya san muryarsa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Bayan kafa Izala a Jos a 1978, kaset ya kai wa'azi kasuwanni da tashoshin mota. Mu Kirista ma abin bai bar mu ba: yawan tallan taron Reinhard Bonnke na cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin Kano na Oktoba 1991, inda aka rasa rayuka. Yau kuwa wayar hannu ta gaji kaset.

Ta yaya kwarjinin ke ƙaruwa? Na farko, muryar da muke ji kullum takan zama kamar ta ɗan gida. Na biyu, nisa yakan ɓoye aibi, domin abin da aka zaɓa kaɗai ake watsawa. Na uku, mai kuɗin sayen fili a tasha shi aka fi ji, ko da wani ya fi shi sani.

Ikilisiya ba ta ƙi waɗannan kafofi ba. A 1963 Majalisar Batikan ta Biyu ta karɓe su a takardar Inter Mirifica, ta kuma ɗora wa mai sauraro nauyin tantancewa. Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa da suka rarrabu a kan sunayen masu wa'azi.

Saboda haka kafin mu ba mai wa'azi zuciyarmu ko kuɗinmu, mu tambaya: wa yake ɗaukakawa, Allah ko kansa? Wa ke iya yi masa gyara? Maganarsa tana ƙara zumunci da maƙwabcinmu Musulmi ko tana ɓata shi? Gani ya kori ji. Katikis ɗin da ke ziyartar majinyatanmu ba shi da lasifika, amma mun san halinsa. Ubangiji ya ba mu kunnen basira. Amin.