Filin Shawara: Takin Juji Ya Shiga Tsakanina da Baba

Gwaggo, ni matashi ne daga wani ƙauye a Kumbotso. Muna da gonar gero da ɗan lambu a bakin rafi. Duk shekara kafin damina Baba yakan sayi tifa biyu ta sharar birni a zube mana a gona. Bana da muka zo huɗa, duk inda garma ta bi sai ta tono leda. Ƙanena ya taka fasasshiyar kwalba, akuyarmu kuma ta mutu, da aka farke ta leda aka tarar cunkushe a tumbinta. Na ce wa Baba mu daina, ya ce da takin nan kakansa ya riƙe gida, boko ne ke ruɗa ni. Kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yaya zan yi?

Ɗana, Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya mayar muku da alheri.

Mahaifinka bai faɗi ƙarya ba. Tun zamanin kakanni jakuna ke shigowa Kano da itace, su koma ƙauye da mangalar taki, kuma da hakan gonakin kewayen birni suka jure noma shekara da shekaru ba a hutar da su ba. Sai dai jujin wancan lokaci toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, duk abin da ƙasa za ta iya cinyewa. Jujin yau kuwa har da ledar fiya wata, da allurar kyamis, da mataccen batir. Sharar ce ta canza, shi ya sa ka daina ce masa a daina. Ka ce masa a gyara.

Leda da kwalba ido na ganinsu, rariya na tare su. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani. Batirin fitila mai caji da yawa dalma ce a cikinsa, wasu kuma akwai sinadarin kadmiyam. Idan suka fashe a cikin juji, gubar ta gauraye da ƙasa, babu ruɓewar da za ta kashe ta, babu tankaɗen da zai fitar da ita. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, sama da 400, ya san ba abin wasa ba ce, ko da yake can daga niƙan duwatsun zinariya ta fito. Ganyaye irin su latas da alayyafo sun fi hatsi zuƙar irin wannan guba. Don haka sharar da ba ku san asalinta ba, kada ta kusanci lambun nan ko kaɗan.

Ka roƙi Baba ya bar maka maganar mai tifa. Ku nemi sharar kasuwar gwari, ko ta kara, ko ta unguwar da ake kiwo. Ku guji wadda aka kwaso kusa da asibiti, da garejin kanikawa, da wajen masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda ake aiki da kuromiyam. Ko Jamus, da duk injinan tace sharar da take da su, tun 2015 ta wajabta a riƙa tara abin da ke ruɓewa daban tun daga gida, domin an gane cewa abin da aka cakuɗa da wuya ya sake tsarkaka.

In tifa ta iso, kada a baza. Ku sa takalmi da safar hannu, ku tsince batir da kwalba da ƙarfe, sannan ku tara tsibi mai tsayi kamar zuwa ƙirjinka, kuna haɗawa da kashin dabbobi da yankakken kara. Ku yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula a hannu zai haɗe amma ba zai ɗiga ba. Ku soka rodi a tsakiya. Bayan kwana uku ka zaro, in ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi sosai, aiki ya kankama. Zafin da ake so shi ne digiri 55 zuwa sama na kamar mako biyu, ana juyawa, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. A lokacin ne za ku tankaɗe da rariyar magina. Ledar da ta fito kada ku ƙona ta a gona, hayaƙinta ma guba ne.

Shi kuwa Baba, ba da baki za ka shawo kansa ba. Ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka roƙi kunya goma kacal ka zuba naka takin, kaka ta yi muku alƙalanci.

Gwaggo, ina tara ɓawon kayan miya da ragowar abinci a rami bayan ɗakina don shukokina, amma wari ya sa maƙwabciyata ta fara yi mini habaici. Daga wata uwargida a Zinder.

'Yata, ramin ya jiƙe da yawa kuma ba ya shan iska. Ki fito da shi, ki gauraya da busasshen ganye ko ɗiɗɗigar katako, ki riƙa juyawa duk mako. Nama da kifi da mai kada su shiga, toka kuma kaɗan. Ki shiga wurin maƙwabciyar ki ba ta haƙuri tun yau.

Ku kuma matan birni da ke karanta wannan fili, don Allah ku ajiye bokiti biyu a madafa, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na leda da kwalba, batir kuwa ku ware shi a gwangwani. Abin da kuka zubar yau gonar su yaron nan na Kumbotso za a kai shi.