Goron Sallah Ga Mai Keke a Ƙasar Kurfai: Abin Yi da Abin Bari

Sallah ta gabato, kuma kusan kowane gida tsakanin Shikal da Filinge yana da wanda keke ne ƙafarsa: ɗan makarantar da ke tasowa daga ƙauye da sassafe, ko mai kai kaji kasuwa, ko saurayin da ba ya iya barci sai ya goge kekensa. Tun farkon 2020, da hukuma ta hana hawan babur a sassa da dama na jihar Tilaberi saboda tsaro, keke ya ƙara daraja a ƙasar nan. In za ka ba irin wannan mutum goron Sallah, jaka biyu ko uku sun isa, muddin ka kashe su a kan abin da zai hana shi tura keke da hannu a tsakar daji. Ga ƙa'idodin, kuma ban yarda a sassauta ko ɗaya ba.

Ka duba keken kafin ka taka kasuwa. Durƙusa ka karanta lambar da ke jikin taya. Tsofaffin kekuna masu birkin ƙarfe, irin Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, galibi 28 ne. Kekunan zamani masu giya da faffaɗar taya, yawancinsu 26 ne. Tiyub ɗin wannan ba ya yi wa wancan. Rubuta lambar a takarda, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka, kada kuma ka yarda mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne".

Ka duba bawul ma. Akwai mai kauri irin na mota, akwai na tsohon yayi mai 'yar roba a ciki. Wannan 'yar robar ita ce ke wahalar da mutane a banza: zafi ya busar da ita, ta tsage, iska ta dinga sulalewa cikin dare, mai keke ya cire taya ya tsoma tiyub a ruwa yana neman hujin da babu shi. Da ya ɗiga yawu a bakin bawul, da ya ga kumfa tana tasowa. In kekensa irin wannan ne, sayo masa robar bawul da yawa. Kuɗinta bai kai na goro ba.

Ka sa kayan faci a gaban komai. Babban maƙiyin taya a Dallol Boso shi ne tsidau, ciyawar nan da ke shimfiɗe a ƙasa, wadda 'ya'yanta duk yadda suka faɗi sai wani tsini ya kalli sama. Bayan damina suna bushewa su warwatse a gefen hanya, sannan ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a turbar shanu. Wanda ya yi faci a tsakanin ƙauyuka, ba mai gyara kusa, sai ya tura. Saboda haka ka haɗa masa faci, da sholisho, da guntun samfefa, da ƙarfen cire taya guda biyu, a cikin gwangwani mai murfi. In yaro ne ka zaunar da shi ka nuna masa: a kankare wurin hujin, a shafa sholisho kaɗan, a jira ya daina ƙyalli, sannan a manna a danne sosai. Kafin a mayar da tiyub a bi cikin taya da yatsa a hankali, don ƙayar da ta huda tana nan maƙale tana jiran ta sake hudawa.

Kada ka sayi sholisho babban kwali. Da zarar an buɗe shi, zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40 a nan, zai daskarar da shi. Ƙanana biyu da ba a fasa bakinsu ba sun fi.

Ka sayi famfo, amma a gwada shi gabanka a kan bawul irin nasa. Mai jikin ƙarfe ya fi na roba jure rana.

Kada ka ba shi baƙin mai da sunan man sarƙa. Na san shi ne mai arha, har kyauta ake samu wurin masu gyaran mota, kuma shi ya sa nake dagewa a kansa. Baƙin mai yana da danƙo, yashi da ƙurar hunturu suna manne masa, su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙoran gare a kowane juyi. Sayi ƙaramar kwalbar man keken ɗinki, ka haɗa da tsohon buroshin haƙori da tsumma. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai kaɗan-kaɗan, a goge wanda ya yi saura a waje. Sarƙar da ke sheƙi da mai a ƙasar yashi tana kan hanyar lalacewa.

Ka matsa birkinsa ka gani. In robar ta cinye har ƙarfe na gogar wili, to kyautarka ke nan, ba sai ka yi dogon tunani ba. Ka ƙara da sifana mai lamba 15, wadda ke kwance notin ƙafa a yawancin kekuna.

Kada ka ɓata kuɗi a kan ado. Furen roba, da gashin da ake ɗaura wa kan keke, da madubi huɗu, duk ranar Sallah kawai suke yi, mako guda rana ta ƙone su. Haka matsattsiyar rigar 'yan tsere. Masu gasar Tour du Faso, da ake yi a Burkina Faso tun 1987, suna da motar da ke bin su da ruwa da tayoyi. Ɗanka shi kaɗai ne a hanyar Tukunus. In dai kana son ya ji daɗi a jikinsa, sayo masa gorar ruwa a naɗe ta da tsumman buhu, ya jiƙa kafin ya tashi, da tabarau mai tare ƙura.

Ka sayi abin da zai sa a gan shi. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Baleyara da Bankuku zuwa Filinge, tafiyar kusan kilomita 180, tana ɗauke da manyan motoci, musamman ranar Lahadi da kasuwar Baleyara ke ci. Direba ba ya hango mai keke da baƙar riga bayan magariba. Sa masa jan abu mai ƙyalli a baya, da ƙaramar fitila a gaba, da ƙararrawa mai amo. Amma ka gaya masa da bakinka cewa fitilar ta wanda magariba ta riska a hanya ce. A halin tsaron da ake ciki, kada wani ya ɗauke ta lasisin tafiyar dare.

Kada ka sayi hular kwano ta gwanjo da ba ka san tarihinta ba. Kumfar da ke ciki bugu ɗaya take karɓa, kuma tana iya tsagewa ba a gani daga waje. In kuɗinka bai kai na sabuwa ba, bari sai wata Sallar.

Kada ka yar da tsohon tiyub. Tsaga shi a shimfiɗa cikin taya ya rage wa ƙaya ƙarfi, ko a yanka shi tsiri-tsiri a ɗaure kaya a kariya.

Kada ka jira ranar Idi. Kwana uku kafin Sallah ka tura keken wurin mai gyaran unguwarku, ka biya shi ya sa giris a boris, ya ɗaure sifokin da suka saki, ya miƙe wili. Biya shi a take, ba bashi, domin shi ma yana da 'ya'yan da ke jiran ɗinkin Sallah.