An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nazari a Kan Nauyin Kwamfuta Mai Tasowa Daga Babban Allo

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da gwamnatin Jihar Jigawa ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, wannan na'ura ta fara zama abar yau da kullum a arewa maso yammacin jihar. Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 2007, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, sun ƙara yawan masu riƙe da ita. Hukumar JAMB kuwa, da ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ta sa ɗan sakandare na Roni ko Gwiwa ba shi da makawa sai ya san ta. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai na gwanjo ne, sun gama aikinsu a ofisoshin Turai ko Amurka kafin a sayo su a Kano.

Kukan da aka fi ji daga masu irin waɗannan na'urori shi ne, "ta yi nauyi". Fanka na ta gurnani, jikinta ya yi zafi, murya na sarƙewa, batir ba ya daɗewa, alhali ba a buɗe kome ba. Hukuncin mai gyara kusan ɗaya ne kullum: bairos ne, a yi mata fomat. Sai a goge kome, wani lokaci har da kundin binciken ɗalibi, a biya kuɗi, bayan kwana biyu ciwo ya dawo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa akwai wani irin nauyi wanda tushensa yana ƙarƙashin Windows, inda fomat ba ta kaiwa, ta kuma bayyana yadda ake gane shi.

Kalmomin da Za a Yi Aiki da Su

Abin da masu gyara ke kira bod, a nan za a kira shi babban allo, watau faifan nan da sauran sassa duka ke dashe a kansa. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Direba kuwa, duk da sunan, ba tuƙi yake yi ba. Tafinta ne, ƙaramar manhaja mai fassara umarnin Windows zuwa harshen wani sashe guda, kamar katin sauti ko na waya-fai. Sai dasasshiyar manhaja, wadda masana'anta suka rubuta a cikin wata 'yar ƙwaya a jikin allon kansa. Ita ce ke farkawa da fari idan an kunna na'ura, kuma ita ce ake kira bayos. Sunan ya samo asali ne daga Gary Kildall a 1975, kuma ko da yake sabon tsari mai suna UEFI ya maye gurbin na dā, tsohon suna bai bar bakin mutane ba. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne kusancin bayos da bairos a kunnen Bahaushe. Mai na'ura yakan ji an ce matsalar bayos ce, ya tafi yana cewa ƙwayar cuta ce ta kama ta, alhali tsakaninsu akwai nisa kamar na harsashin gini da ɓarawon da ya haura katanga.

Yadda Ciwon Yake

A ɗauki firosesa kamar malami a zaure yana rubutu. Duk sashen da ke da buƙata, ko madannai ne ko faifan ajiya, sai ya yi sallama. Dole malam ya ajiye alƙalami ya amsa, domin sallama tana gaban kowane aiki. Idan buƙatar mai tsawo ce, yakan amsa a taƙaice ya ɗage sauran zuwa ɗan lokaci kaɗan. A na'ura mai lafiya ana yin haka sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙa guda ba tare da an ji a jika ba. To, amma idan tafinta ya lalace, ko kuwa ba na wannan sashe ba ne, sai malam ya amsa, mai sallama bai ji ba, ya sake, ya kuma sakewa ba ƙaƙƙautawa. Rubutu ke nan ya tsaya, alhali malam bai huta ba.

Ita ma dasasshiyar manhaja tana da nata hannu. Tun 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da wani tsari mai suna ACPI, wanda ta hanyarsa allo ke sanar da Windows labarin wuta da zafi: an sa caja, an cire, an rufe murfi, batir ya cika. Idan akwai kuskure a rubutun bayos, ko ma'aunin zafi ya lalace, ko batir ya mutu yana ba da labarin ƙarya, sai wannan sanarwa ta zama ruwan sama. Ko sau goma aka yi fomat, allon bai canza ba, domin haka sanarwar ba za ta tsaya ba.

Gano Inda Gizo ke Saƙa

Matakin farko shi ne a rufe dukkan manhajoji, a danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, a dakata kamar minti guda lissafi ya natsu. Idan wata manhaja mai suna ce ke cin ƙarfin firosesa, to ba batun wannan maƙala ba ne. Idan kuwa layin da aka rubuta wa System interrupts ne, ko System kawai, a nan zargi ke komawa kan direbobi da allo. A na'ura mai lafiya layin farko ba ya cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100. Akwai wata alama da ta cancanci a riƙe: idan adadin ya kafe wajen kashi 25 a firosesa mai hannu huɗu, ko kashi 12 zuwa 13 a mai hannu takwas, ma'anarsa hannu ɗaya ne aka riƙe gam, sauran suna zaune.

Daga nan sai neman mai laifi. Manhajar LatencyMon tana jera direbobi tana nuna wanda ya fi cin lokaci, haka kuma Process Explorer, wadda Mark Russinovich ya rubuta, tana iya leƙa cikin layin System ta faɗi sunan direban. Wanda ba shi da data sai ya bi doguwar hanya. Ya cire duk abin da ke maƙale a kafofin USB, sa'an nan ya shiga Device Manager ya riƙa kashe sassa ɗaya bayan ɗaya, waya-fai, katin sauti, kyamara, ma'ajiyar katin memori, mai karanta yatsa, yana duban lissafi bayan kowane. Wanda aka kashe nauyi ya faɗi, shi ne. Sai dai kada a taɓa abin da ya shafi faifan ajiya ko firosesa ko sassan tsarin allon kansa, don kada na'ura ta ƙi tashi.

Idan sunan da ya bayyana ACPI.sys ne, kada a yi gaggawar ɗora masa laifi, domin shi ɗan aike ne kurum. Gwajin da ke raba gardama shi ne a tayar da na'urar da Linux daga filashi, ba tare da an girka shi ba. In nauyi ya ɓace, direban Windows ne. In ya biyo ta can, to allo ne ko bayos.

Wani Ciwo Mai Kama da Shi

Akwai lokacin da firosesa ba aiki ya yi mata yawa ba, ɗaure ta aka yi. A shafin da Task Manager ke nuna gudunta sai a ga 0.79 GHz a kafe, alhali an ƙera ta ta haura 2. Allo ne ya rage mata gudu da gangan don tsoron zafi ko ƙarancin wuta. Ƙurar hunturu kan toshe mashigar iska, sa'an nan zafin Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40 a wannan yanki, ya ƙarasa sauran. Cajar kwamfutocin Dell kuma tana da wani siririn tsinke a tsakiyar bakinta wanda ke gaya wa bayos ƙarfinta; in tsinken ya karye, ko cajar jabu ce, sai na'ura ta rage gudu ta kuma ƙi cajin batir. Maganin wannan share ƙura ne da sabon man firosesa da caja ta gaskiya.

Magani

A fara da mai sauƙi. Tun daga Windows 8 a 2012, kashe kwamfuta ba ya rufe direbobi sarai, yakan adana halin da suke ciki ne domin ta yi saurin tashi. Umarnin sake tashi shi ne ke farawa daga tushe. In wannan bai yi ba, a cire caja da batir, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. Sa'an nan a shiga bayos, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, a mai da saiti yadda masana'anta suka bar shi, bayan an rubuta yadda aka tarar da saitin faifan ajiya, domin canza shi kan hana Windows tashi. Idan kwanan wata na rikicewa duk lokacin da aka kunna, ɗan batirin allo ne ya mutu, sau da yawa samfurin CR2032, kuma da mutuwarsa saiti ke watsewa.

Game da direbobi, ɗabi'ar da ta fi ɓarna ita ce ta zuba tarin direbobi daga filashi guda a kan kowace irin na'ura. Daidai ne a nemo na ainihin samfurin daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ta amfani da lambar da ke manne a ƙasanta. In kuwa nauyin ya fara ne bayan Windows ta sabunta wani direba, Device Manager na da hanyar komawa ga na baya.

Sabunta bayos shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi ne mai haɗari. Yana warkarwa, babu shakka: a Maris 2022 kamfanin AMD ya amsa cewa wani sashe na tsaro a dasasshiyar manhajar allunan Ryzen na sa na'ura sarƙewa, kuma sabon bayos ne ya gyara. Amma sabo ba kullum ne ya fi ba. A Janairu 2018 Intel ya nemi a dakatar da gyaran da ya fitar kan ɓarakar Spectre domin yana sa kwamfutoci sake tashi da kansu, har Dell da HP suka janye nasu. Saboda haka sai a karanta bayanin sabuntawar a ga ko ta ambaci ciwon da ake fama da shi.

Babban abin tsoro a nan shi ne wuta. Rubutun bayos na ɗaukar 'yan mintuna, kuma in aka ɗauke wuta a tsakani, allon na iya mutuwa ɗungurungum, an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Shi ya sa kwamfutocin cinya ke ƙin karɓar sabuntawa sai da caja da batir mai rai. Dell kan nemi cajin ya haura kashi 10. Masu na'urar gwanjo mai mataccen batir sukan nemi dabarar tsallake wannan sharaɗi, wanda kuwa kuskure ne babba. Gara a aro batir mai kyau, ko a kai ta inda ake da inbata ko sola. Wanda kuma faifansa ke kulle da BitLocker ya tanadi lambar buɗewa tukuna. In ƙaddara ta riga fata, wasu samfuran HP na farfaɗowa idan aka riƙe maɓallin Windows da B wajen kunnawa, wasu na Dell kuma da Ctrl da Esc. In hakan ya faskara, sai mai na'urar sake rubuta ƙwayar bayos, wanda ga mutumin Gwiwa ko Roni kan zama tafiya har Titin Beirut a Kano.