DARASI: WAKILCINMU A KAN MAGANI

Karatu: 1 Korinthiyawa 4:1-2, Luka 10:30-37

Manzo Bulus ya koya mana cewa abin da a ke nema ga wakili shi ne aminci. Mun saba jin wannan a kan kuɗi da baiko. Yau bari mu dube shi a kan magani, gama shi ma amana ne daga wurin Ubangiji.

1. Baiwar da aka ba mu

A shekara ta 1928 wani likita mai suna Alexander Fleming ya gano penisilin a birnin Landan. Daga nan aka sami magunguna masu kashe ƙwayoyin cuta, har ciwon huhu da gyambo da sanƙarau suka zama abin warkarwa. Amma a 1945, sa'anda aka ba shi lambar Nobel, ya yi gargaɗi cewa wanda ya sha maganin ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure shi.

2. Yadda magani ke rasa ƙarfinsa

Idan likita ya rubuta na kwana bakwai, muka sha na kwana biyu muka daina domin jiki ya yi sauƙi, raunanan ƙwayoyi ne suka mutu. Masu taurin kai sun rage, su hayayyafa, su kama yaro ko maƙwabci, maganin kuwa ba ya cin su kuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ekklesiya ta ga wannan da idonta. 'Yan mishan sun yi jiyyar kutare a Yadakunya kusa da Kano, maganin dapsone kuwa ya kawo wa kutare bege ƙwarai a ƙasashe da yawa. Amma da aka daɗe ana ba da shi shi kaɗai, cutar ta fara bijire masa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa shi da waɗansu magunguna, sa'annan aka sāke samun nasara.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu domin magani ya kāsa, kuma bisa ga yawan jama'a Afirka ta Yamma ce ta fi shan wannan hasara. A 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Nijeriya ma ta fito da shirinta tun 2017.

3. Darasi daga Jakara

Ku dubi rafin Jakara da ya ratsa birnin Kano ta gefen Kasuwar Kurmi. Ruwan gidaje da na mayanka duk a cikinsa su ke zuba, can gaba kuma masu lambu su ban ruwa da shi, latas da kabeji su komo kasuwa. Abin da muka zubar a ƙofar gida, shi ke dawowa cikin akushinmu. Haka ƙwayoyin cuta su ke yawo, ba su tambayar ko gidan Kirista ne ko na Musulmi. Basamariyen nan ya zuba mai da ruwan anab a raunin baƙo, ya kuma biya a ci gaba da jiyyarsa har ƙarshe. Mu ma mai da hankalinmu ga magani ƙauna ce ga maƙwabci.

4. Abin da ya wajaba mu yi

(a) Kada mu sayi kafso biyu ko uku a tire ko a kemis ba tare da takardar likita ba.
(b) Mu sha magani daidai yadda aka faɗa, kada mu raba ragowar ga wani.
(c) Kada mu matsa wa likita ya yi mana allura saboda mura, gama waɗannan magunguna ba su kashe abin da ke kawo ta.
(d) Masu kiwon kaji kada su zuba magani a ruwansu kullum, sai da shawarar likitan dabbobi.
(e) Mu wanke hannu da sabulu, mu wanke ganye sarai, mu kai yara rigakafi.

Mun sani kuɗin asibiti yana da nauyi, talauci ne kuwa ya kan sa uba ya sayi rabin magani. Saboda haka dattawa su tuna da marasa lafiya cikin baikon taimako, domin kada ɗan'uwa ya yanke jiyya a tsakiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa rabin magani ya ke da hatsari?
2. Wanene maƙwabcinmu a bakin Jakara?
3. Ƙaƙa ekklesiyarku za ta taimaki wanda ba shi da kuɗin magani?

Mu yi addu'a domin likitoci da masu jiyya, Ubangiji kuma ya same mu amintattun wakilai.